Lahanin da na'urar daidaita bugun zuciya kan yi wa huhu bayan shekaru

A cikin wannan takarda za mu duba wata matsala da ba a cika lura da ita ba, wato ciwon huhu da ke biyo bayan dasa na'urar da likitoci ke kira defibirilater. Aikin na'urar shi ne sa ido kan bugun zuciya. In ya rikice, sai ta saki wutar lantarki domin ta maido da shi daidai.

A shekarar 1980 aka fara dasa ta a jikin mutum, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, bisa aikin likita Michel Mirowski. A lokacin sai an buɗe ƙirji an ɗinka faifan ƙarfe a bayan zuciya. Da yake huhun hagu na maƙwabtaka da zuciya, faifan kan gusa ko ya naɗe, ya riƙa gugar huhu shekara da shekaru har ya huda shi. Sakamakon haka shi ne tarin jini da ciwon huhu mai yawan dawowa.

Tun farkon shekarun 1990 aka koma zura waya ta jijiyar jini zuwa cikin zuciya, amma hatsarin bai ƙare ba. Ƙwayoyin cuta kan taru a jikin wayar, su ɓalle, jini ya kwashe su zuwa huhu, su haddasa ƙuraje da zazzaɓi. Wani lokaci kuma bakin wayar kan huda bangon zuciya, jini ko iska su taru kewaye da huhu.

A nan ne muke son jawo hankalin ma'aikatan lafiya. A ƙasarmu, tari mai jini da zazzaɓi da rama kan sa a fara zaton tarin huka. Idan majinyaci na ɗauke da wannan na'ura, ko da an dasa ta da daɗewa a wata ƙasa, wajibi ne a yi hoton ƙirji, a nemi ƙwayoyin cuta cikin jini, a duba zuciya da na'urar eko. In ta tabbata wayar ta kamu, magani kaɗai ba ya wadatarwa: sai an cire na'urar da wayoyinta gaba ɗaya.