Bencin Dattawa a Wani Kantin Magani na Kontagora

Bayan la'asar, idan masu neman maganin zazzaɓin yara sun ragu, sai dattawa su fara hallara a bencin wani kantin magani da ke kusa da kasuwar Kontagora, wasu da buta a hannu. Ba sa saurin faɗin abin da ya kawo su. Sai mai kanti ya rusuna ya ce, "Baba, me za a kawo?" sannan dattijo ya waiga, ya rage murya, ya ce fitsari ne ya hana shi sakat.

A cikinsu akwai waɗanda suka dawo daga gashin cutar dajin furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda hanyar fitsari ke ratsawa ta tsakiyarsa. Wanda aka rubuta wa gashi sai ya bar gari: ko Asibitin Ƙasa na Abuja ta Tegina da Minna, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko na Sakkwato ta Yawuri da Jega. Yakan shafe makonni yana kwanciya ƙarƙashin na'ura. Hasken da ke kashe cutar yakan taɓa mafitsara da hanyar fitsari, shi ya sa ake dawowa da raɗaɗi, da matsuwa, da tashi sau da yawa cikin dare. Galibi abin yana lafawa bayan 'yan makonni, amma wani sai bayan watanni ko shekaru yake ganin jini a fitsari.

A takardun da suke zarowa daga aljihun riga, a ninke har sun fara yagewa, sunaye biyu ne suka fi yawa. Tamsulosin, mai nauyin miligiram 0.4, yana sassauta wuyan mafitsara don fitsari ya fita da sauƙi, amma yana sa jiri idan aka miƙe da hanzari, abin lura ga mai tashi asuba. Oxybutynin kuwa na mai matsuwa ne, yana busar da baki, yana sa taurin bayan gida. Haɗarin shi ne aron magani a benci: wanda fitsarinsa ke fita da ƙyar, idan ya sha na maƙwabcinsa mai matsuwa, fitsarin na iya tsayawa cak, sai an sa masa roba a asibiti. Wasu magungunan mura ma haka suke yi. Goro da shayin dare suna ƙara matsuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma sai gwaji ya nuna akwai su.

Abin da ya fi cin ran waɗannan bayin Allah shi ne alwala. Mutumin da ya saba da sahun gaba ya koma sallah a ɗaki saboda ɗigo a wando, alhali malaman Malikiyya sun bayyana cewa yoyon da ya lazimci mutum mafi yawan lokaci ba ya karya alwala.

Kunya ce ke zaunar da su a wannan benci maimakon gaban likitan da ya san tarihin gashinsu. Ɗan da ya sayar da hatsi ya kai mahaifinsa Shika, da sauran aiki a gabansa: ya keɓe da shi, ya tambayi yadda yake kwana, ya kuma mayar da shi asibiti ranar da aka ce ya koma.