Gilashin Kyamara Biyu Masu Tsawo Ɗaya: Asara ko Jari?

Wanda bai san sana'ar hoto ba zai ɗauka almubazzaranci ne mutum ya mallaki gilashin kyamara biyu, dukansu masu milimita 50. Lissafin masu sana'ar ya sha bamban. Gilashin Canon na f/1.8 da ya fito a 1990 nauyinsa giram 130 ne kacal, ga araha, ga sauƙin ɗauka a tafiya. Na f/1.4 da ya biyo baya a 1993 kuwa giram 290 ne, ya fi tsada, amma ya fi zuƙo haske, abin da aikin dare ke buƙata. Sannan idan ɗaya ya fashe tsakiyar biki a garin da babu mai gyara, ɗayan ne zai hana mai hoto mayar da kuɗin da ya riga ya karɓa.