Arsenal a Tsakiyar Kaka: Tsakanin Tsoro da Fata

A daren Lahadi, 22 ga Janairun 2023, sa'ad da Eddie Nketiah ya tura ƙwallo ta uku cikin ragar Manchester United a minti na 90, aka tashi 3 da 2 a filin Emirates da ke arewacin Landan, ƙungiyar Arsenal ta cika wasa 19 daga cikin 38 na gasar Firimiyar Ingila, wato rabin tafiya daidai, tana riƙe da maki 50, abin da ba ta taɓa samu ba a irin wannan matsayi, har ma a shekarar 2004 da ta ɗauki kofi ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba. Wasa 16 ta ci, ta yi kunnen doki da Southampton da Newcastle, sau ɗaya tak aka rinjaye ta, a Old Trafford cikin watan Satumba. Ni da nake cikin masoyanta tun zamanin da Nwankwo Kanu ya jefa wa Chelsea ƙwallo uku shi kaɗai a 1999, abin da ya jawo zukatan dubban samarinmu zuwa ga jar rigar nan, ina ganin ya wajaba mu dubi lamarin da insafi, domin so yana makantar da mai hukunci, tsoro kuwa yana hana shi faɗin alherin da idonsa ya gani.

Wanda duk ya ce sa'a ce kawai ta kai Arsenal inda take a lokacin, to bai bibiyi tarihin shekaru ukun da suka gabata kafin nan ba. An naɗa Mikel Arteta koci a Disambar 2019, bai taɓa jagorantar wata ƙungiya da kansa ba, ya ɗauki kofin FA a 2020, amma a gasar Firimiya wuya ya sha: sau biyu a jere ƙungiyar tana ƙarewa ta takwas, sa'an nan ta buɗe kakar 2021 da shan kashi uku ba tare da ta ci ko ƙwallo ɗaya ba, ciki har da 5 da nema a hannun Manchester City. A wancan lokaci babu gidan kallo a Kano ko Kaduna da ba a yi kiran a kore shi ba. Masu ƙungiyar suka daure, suka bar shi ya rabu da manyan taurari masu tsadar albashi, Mesut Özil da farko, daga baya Pierre-Emerick Aubameyang wanda yake shi ne kyaftin, ya maye gurbinsu da yara waɗanda za su karɓi tarbiyya su bi nizami. Haƙurin nan, wanda ya yi ƙaranci ƙwarai a harkar ƙwallon zamani, shi ne asalin abin da muka gani a Janairun 2023.

Dubi yadda aka jera mutanen a wannan kakar. William Saliba, wanda aka yi shekara uku ana ba da shi aro a Faransa har wasu suka fid da rai zai taɓa sa rigar, ya dawo daga Marseille yana ɗan shekara 21, ya tsaya tare da Gabriel a tsakiyar baya da natsuwa irin ta dattawa, har ya zama ƙwallo 16 kaɗai suka shiga ragar Aaron Ramsdale a rabin kaka. Oleksandr Zinchenko, da aka sayo daga City tare da Gabriel Jesus, sunansa ɗan baya na hagu, amma da zarar ƙwallo ta zo ƙafar Arsenal sai ya shige tsakiyar fili ya ƙara yawan masu rarraba ta, wannan kuwa shi ya 'yantar da Granit Xhaka ya riƙa kutsawa gaba. Lamarin Xhaka kansa abin ibra ne, domin mutumin da magoya baya suka yi wa ihu a 2019 har aka karɓe masa kyaftin, shi ne a 2023 suke rera sunansa. A gaba kuma ga Bukayo Saka a dama, ga Gabriel Martinelli a hagu, Martin Ødegaard yana tsakaninsu yana auna kowane taku da hikima.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta rabon ƙwallaye. A rabin kakar Arsenal ta ci 45, amma babu ɗan wasanta ko ɗaya da ya kai 10, alhali Erling Haaland na City shi kaɗai ya riga ya jefa 25. Wasu na ɗaukar wannan naƙasa ce, ni kuwa ina ganinsa ni'ima, saboda ƙungiyar da ba ta rataya rayuwarta a wuyan mutum ɗaya ba, ba ta mutuwa idan ya faɗi. An jarraba wannan a aikace: Jesus ya ji rauni a gwiwa a gasar cin kofin duniya ta Katar, aka yi masa tiyata, maƙiya suka ce shi ke nan, asiri zai tonu, sai ga Nketiah, yaron da ya tashi a gidan, ya karɓi aikin, sai ga Arsenal ta je gidan Tottenham ranar 15 ga Janairu ta ci 2 da nema, karo na farko da ta yi nasara a can a gasar tun 2014.

To, amma mumini, in ji malamai, yana tafiya ne tsakanin haufi da raja'i, kuma magoyin bayan Arsenal yana da dalilan tsoro waɗanda ba waswasi ba ne. A 2008 muna kan gaba har zuwa Fabrairu, aka karya ƙafar ɗan wasanmu Eduardo a Birmingham, zukatan 'yan wasa suka karye tare da ita, muka ƙare na uku. A kakar 2016 mun shiga sabuwar shekara muna saman tebur, Leicester ta wuce da kofi muna kallo. Ko a 2022, da waɗannan yaran kansu, gurbin gasar zakarun Turai yana hannunmu har zuwa watan Mayu, sai Tottenham ta ci mu 3 da nema, Newcastle ta ƙara mana 2, ya suɓuce. Galibin waɗanda suke fili a Janairun 2023 ba su taɓa ɗanɗana nauyin watan Afrilu ba, lokacin da kowane kunnen doki yake zama tamkar faɗuwa, ƙafa ta yi nauyi, hankali ya rabu biyu tsakanin filin da kake da filin da abokin hamayya yake.

Abokin hamayyar kuwa ba ƙarami ba ne. A lokacin City tana da maki 45 daga wasa 20, tazarar maki 5 ke nan, ga kuma kwantan wasa ɗaya a hannunmu, amma Pep Guardiola, wanda Arteta ya yi wa mataimaki har shekara uku, ya ɗauki kofi huɗu cikin biyar da suka gabaci wannan kakar, kuma al'adar ƙungiyarsa ce ta jera nasara goma ko fiye idan zagaye na biyu ya kankama. Har zuwa lokacin ba mu haɗu da su a gasar ba, domin an ɗage karawar Oktoba zuwa 15 ga Fabrairu, ta biyu kuma tana jiranmu a gidansu cikin Afrilu. Maki shida ke nan a rataye, sun isa su shafe tazarar baki ɗaya.

Abin da ya fi hana ni barci a lokacin shi ne benci. Sha ɗayan farko sun isa su kara da kowa a Turai, amma ƙungiyar tana kama da rumbun da aka ɗora bisa duwatsu ƙidayayyu, in aka zare ɗaya sai ya karkata. Idan Saliba ya kwanta jinya, wanda zai shiga ba zai iya tsayawa kusa da tsakiyar fili yana tare masu gudu kamar yadda shi yake yi ba, dole layin baya ya ja da baya, tsarin duka ya sake kama. Haka nan idan aka rasa Thomas Partey a gindin tsakiya, ko Saka wanda kusan ba a hutar da shi. Ga gasar Europa za ta dawo a watan Maris na 2023 da wasanninta na daren Alhamis, waɗanda ke cinye ƙarfin da ake bukata ranar Lahadi.

Shugabanni sun yi daidai da suka bar Mykhailo Mudryk ya tafi Chelsea maimakon su shiga cinikin ganganci, suka ɗauko Leandro Trossard daga Brighton, mutumin da ya san gasar kuma zai yi amfani tun daga ranar farko. Sai dai aikin bai cika ba. Zatona mafi rinjaye a lokacin shi ne Arsenal za ta koma gasar zakarun Turai, wadda rabonta da ita tun 2017, kuma za ta riƙe City a wuya har makonnin ƙarshe. Kofin kansa kuwa ya dogara ga lafiyar mutum uku ko huɗu. Ranar 31 ga Janairun 2023 ce ranar rufe kasuwar 'yan wasa, kuma roƙona a lokacin shi ne kafin ranar su sayo gogaggen ɗan tsakiya wanda ya taɓa ɗaga kofi, ko da kuwa shekarunsa sun ja, domin ya tsaya bayan Partey kafin City ta iso Emirates.