Ƙashi mai tauri fiye da kima: ƙarfi ne ko ciwo?

An saba jin likitoci suna gargaɗi kan ƙashin da ya zaizaye, musamman ga tsofaffi. Amma akwai akasin haka: hoton asibiti ya nuna ƙashi ya cushe, ya yi fari fat fiye da yadda ya kamata. Mutane kan ɗauka wannan alamar ƙarfi ce, alhali sau da yawa ba haka ba ne.

Ƙashi abu ne mai rai. Kullum wasu ƙwayoyin halitta suna cinye tsohonsa, wasu kuma suna gina sabo. Idan masu cinyewar suka gaza, tsohon ƙashi yakan taru, ya yi nauyi, amma ya riƙa karyewa kamar alli. Wannan ita ce cutar gado da ake kira osteopetroz, wadda likitan Jamus Albers-Schönberg ya bayyana a 1904. Idan ta yi tsanani ga jariri, ƙashi yakan toshe gurbin ɓargo, inda ake ƙera jini, sai ƙarancin jini ya biyo baya. Yakan kuma matse jijiyoyin ido da kunne har a rasa gani ko ji. Dashen ɓargo da wuri shi ne babban maganinta.

Akwai kuma gadon da ba ya cutarwa sosai: wasu iyalai masu sauyi a ƙwayar gado ta LRP5 suna da ƙashi mai ƙarfi na gaske, wanda da wuya ya karye.

A yankin Sahel, sanadin da ya fi shafar jama'a yana cikin ruwan sha. Sinadarin fulor, idan ya yi yawa, yakan shige ƙashi ya taurara shi. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta sa iyakar miligiram 1.5 a lita guda. A garin Tibiri na jihar Maraɗi a Nijar, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka soma sha a 1985 ya ninka wannan iyaka, har ɗaruruwan yara suka sami lanƙwasar ƙafafu da lalacewar haƙora.

Ga manya, amosanin ƙashin baya kan sa awo ya nuna tauri na ƙarya. Sankarar prostat ko ta mama da ta bazu zuwa ƙashi ita ma takan bar tabo mai tauri, don haka likita kan nemi ƙarin gwaji kafin ya yanke hukunci.

Idan haƙoran yaran unguwa guda suka yi tabo ruwan ƙasa, ko gaɓoɓinsu suka sandare, a nemi hukumar ruwa ta auna rijiyar. Tafasa ruwa ba ya cire fulor, yana ma ƙara tattara shi. Mafita ita ce a canza wurin ɗibar ruwa tun ƙashin yaro bai lanƙwashe ba.