Barmani Choge: Muryar Funtua da matan da suka riƙe mata ƙwarya

A watan Maris na shekarar 2013 Allah Ya yi wa Hajiya Sa'adatu Barmani Choge rasuwa a Funtua da ke Jihar Katsina. Har yau da wuya a yi taron mata a ƙasar Hausa, daga Kano zuwa unguwannin Abuja, a tashi ba a saka waƙarta ba. Sai dai Barmani ba ita kaɗai ta yi wannan suna ba. Jagorar ƙungiya ce ta mata, makaɗa da 'yan amshi, waɗanda suka shafe shekaru suna bin ta gidan biki da gidan suna.

Kiɗan nasu shi ne amada, kuma kayan aikinsa na cikin gida ne. Ana kife ƙore a ƙasa, wata a kife ta a kan ruwa domin ta ba da amo mai kauri, sannan a riƙa bugu da 'yan sanduna. Barmani ta ja baiti, mata su karɓa da murya ɗaya, guɗa ta biyo baya. Idan amshi ya yi sanyi, waƙa ta mutu komai zaƙin muryar jagora. A Kano ma, Hajiya Uwaliya Mai Amada da tata ƙungiyar sun yi tashe a kan wannan tsari.

Abin da ya fito da Barmani shi ne ƙarfin hali. Ta rera abin da mata ke faɗi a tsakar gida idan maza sun fita: zaman kishi, haihuwa, kwalliya da halin mazaje. A waƙar "Sakarai Ba Ta da Wayo" ta yi wa kishiya shaguɓe cikin raha. A waƙarta ta sana'a kuwa ta zaburar da matan kulle su kama abin yi, su daina jiran hannun miji. Wasu sun zarge ta da sakin baki, amma mata sun ji cewa tasu ce ke magana. Manazarta irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu a kan fasaharta.

Duk da haka, sunayen matan da suka riƙe mata ƙwarya ba su shiga bakin jama'a ba. Haka abin yake a wasu ƙasashe. A Amurka, ƙungiyar mata uku ta The Supremes, wadda kamfanin Motown na birnin Detroit ya ɗaukaka, an sauya mata suna a 1967 aka sa na Diana Ross a gaba. A shekarar ce Florence Ballard, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ta rasa gurbinta, ta kuma rasu a 1976 bayan shekaru na ƙuncin rayuwa.

A yau na'urar kiɗa da kwamfuta sun mamaye bukukuwa, mawaƙiya ɗaya kan iya naɗar amshinta da kanta a ɗakin ɗaukar sauti. Amada kuwa a gefen ƙwarya ake koyon ta, daga hannu zuwa hannu. Matan da suka yi zamani da Barmani suna tsufa. Jami'o'i da gidajen rediyo suna da sauran dama su nemo su, su ɗauki muryoyinsu, su kuma rubuta sunayensu.