Damagaram: Lambar da ke raba shawara da shawara

A Damagaram, da idon mutum ya koma ruwan ɗorawa sai a ce shawara ce. Kwamfutar asibiti kuwa ba ta gane hakan. Ciwon hanta ne, ko zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa, wanda kamuwar mutum ɗaya kan ta da jami'an yaƙi da annoba?

Kundin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya ya raba su: sabon kamun ciwon hanta nau'in B lambarsa B16, na sauro A95. Magajinsa, ICD-11, ya fara aiki a Janairun 2022.

Majiyyacin da ya bar babban asibitin Zinder zuwa Kano da takardar Faransanci, wannan lambar likitan can zai karanta ba tafinta.