Farar ƙasar Guwatemala da kanwarmu

A shekarar 1980 wasu likitoci biyu, Belizán da Villar, suka lura da wani abin mamaki a ƙauyukan Guwatemala. Matan ƙabilar Maya talakawa ne tilis, amma ciwon jijjiga, wanda iyayenmu ke kira taune-taune, bai cika kama masu cikinsu ba. Ashe a tukunya maganar take: da ruwan farar ƙasa suke dafa masara kafin niƙa, sai abincin ya cika da sinadarin kalsiyam.

Masana na ganin idan kalsiyam ya yi ƙaranci a abinci, jijiyoyin jini sukan tsuke, jini ya hau. Gwajin jini kuma ba lallai ya tona asirin ba, domin jiki kan ciro kalsiyam daga ƙashin uwa ya cike giɓin. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta dubi abin da ake ci, ta ce inda cimar mutane ba ta da kalsiyam sosai a riƙa bai wa mai ciki giram 1.5 zuwa 2 kullum. Wani bincike a Indiya da Tanzaniya da aka wallafa a 2024 ya nuna miligiram 500 ma yana hana wannan hawan jini kusan daidai da haka. Nono, zogale, kuka da ƙananan kifin da ake ci da ƙashi duk suna taimakawa.

Kada wata ta ce ai mu ma muna da kanwa. Ido ne kawai ya ga kama. Kanwa sodiyam ce, 'yar'uwar gishiri, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar da ke kumbura masu jego.

Idan awon jinin mai ciki ya nuna 140 bisa 90 bayan mako 20 da ɗaukar ciki, ga furotin a fitsari, zance ya wuce na abinci. Allurar magnesiyam salfet, wadda aka gwada kan mata kimanin 10,000 a ƙasashe 33 aka fitar da sakamakon a 2002, ta rage jijjiga da fiye da rabi.

Maigida, in matarka mai ciki ta ce kanta na sarawa, tana ganin dishi-dishi, fuska ta kumbura, ba aljanu ba ne. Ajiye hayaƙin, nemo mota.